Hajiya na kirana Daktar Tsuntsaye, maigida kuma ya yi mini tambayar da na kasa amsawa

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da aiki. Ni malamar bayoloji ce a wata sakandaren 'yan mata a yankin Haɗeja. Shekarata 34, ina da aure da yara uku, autan bai cika shekara uku ba. Bara, daidai lokacin da shinkafa ta fara nuna, jirgi ya zo ya yi feshin jan-baki a fadamar da ke bayan garinmu. Washegari na bi ta wajen, na tarar da abin da har yau bai bar raina ba. Ban da jan-bakin da aka zo kashewa, ga balbelu a kwance, ga shirwa biyu, ɗaya da sauran ranta tana ta karkarwa, yara kuma suna tsintar tsuntsaye suna cika buhu. Tun ranar nake ta karance-karance a kan yadda guba ke shiga jikin namun daji, har na nemi gurbin digiri na biyu a fannin gurɓatar muhalli, aka kuma ba ni.

Da farko maigida ya amince. Da ya ji aikin ya haɗa da shiga fadama a kwale-kwale da kwana a wani gari, sai jikinsa ya yi sanyi. Ya ce mini, "To in kin gama, me za ki zama? Wa zai ɗauke ki aiki?" Na rasa abin cewa. Hajiyarsa kuma ta ce mutane na fama da tsadar masara ni ina kukan balbela. Yanzu Daktar Tsuntsaye take ce mini a gaban kowa, cikin raha ne, amma yana yi mini ciwo. Ni kaina wani lokacin sai in ga kamar na makara. Anti, in ajiye koyarwa in rungumi wannan karatu, ko in haƙura? Ƙarshen wata mai zuwa za a rufe rajista.

Daga ƙanwarki, Malama.

Wa'alaikumus salam, ƙanwata.

Wasiƙarki ta faɗo hannun wadda ta san zafin abin. Kafin in fara wannan fili na yi shekaru masu yawa a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a. Ba koyarwa nake yi ba a can, ni ce mai wanke kwalabe, mai auna asid, mai kunna na'ura in an kawo wuta. Ɗalibai irinki da yawa sun wuce ta gabana. Na ga waɗanda suka gama, na ga waɗanda suka bar kifinsu a firiza ba su sake waiwayarsa ba. Don haka ba duk abin da zan faɗa ne zai yi miki daɗi ba.

Bari in fara da Hajiya, tunda nata ne mai sauƙi. Kada ki ja da ita, kada kuma ki ɗaure fuska in ta kira ki da sunan nan. Ki amsa mata da na'am, ki yi dariyarki. Wata rana kuna zaune kuna gyaran wake, sai ki ba ta labarin agwagin Zamfara.

A farkon 2010, a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, agwagi suka riƙa mutuwa. Ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai, mutuwar agwagwa ai ba labari ba ce a ƙauye. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura ƙananan yara na mutuwa a yankin fiye da ƙima. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ko na sanƙarau a ga ba sauƙi. Ashe gubar dalma ce. Dutsen zinaren da ake haƙowa a wajen cike yake da dalma, ana kawo shi cikin gari, a Dareta da 'Yargalma da Bagega da sauransu, a farfasa a niƙa a tsakar gida, ƙurar ta kwanta a ƙasan da yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. Sai bayan masu bincike sun zo suna tambayoyi ne mutane suka tuna cewa ai agwagi ne suka fara tafiya. Kin fi ni sanin dalili: agwagwa tana tsintar tsakuwa ta haɗiye don ƙundunta ya niƙa mata abinci, saboda haka abin da ke cikin ƙasar ita ya fara isa. Da a ce akwai mutum ɗaya a yankin da aikinsa ke nan, ya ɗaga mataccen tsuntsu ya ce me ya kashe wannan, Allah kaɗai ya san yara nawa da yanzu suna aji. Hajiya ba ta buƙatar lacca a kan wannan. Ita ta riga ki sanin cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Ki gama labarinki ki ci gaba da gyaran wakenki.

Ke kuma ga naki labarin, na ungulu, domin akwai darasin da nake so ki ɗauka a cikinsa tun kafin ki biya kuɗin rajista. A shekarun 1990 wani masanin tsuntsaye ɗan Indiya, Vibhu Prakash, ya lura ungulayen gandun Keoladeo suna ƙarewa. Tsuntsun da a da yake rufe sama a duk inda aka yar da mushe, cikin 'yan shekaru sama da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'insa suka ɓace a Indiya da Pakistan da Nepal. Manyan masana suka yi ta zargin wata sabuwar ƙwayar cuta, wasu suka ce maganin ƙwari ne. Duk ba su dace ba. Wani likitan dabbobi daga Amurka, Lindsay Oaks, tare da abokan aikinsa a Pakistan, suka riƙa feɗe gawarwakin ungulu suna tarar da wani farin abu kamar alli ya lulluɓe kayan cikinsu, alamar ƙoda ta tsaya. Suka gwada cututtuka, suka gwada magungunan ƙwari da ƙarafa, babu. Daga ƙarshe suka bi shagunan magungunan dabbobi suna tambayar me ake yi wa shanu allura da shi. Diclofenac ne, maganin ciwon jikin nan da ke cikin kowane kemis a unguwarku. Saniya ta mutu da shi a jikinta, ungulu ta ci, cikin 'yan kwanaki ta bi ta. An buga sakamakon a 2004, an kuma lissafa cewa ko da ƙasa da mushe ɗaya cikin ɗari ne ke ɗauke da maganin, ya isa ya yi wannan ɓarna. A 2006 ƙasashen uku suka hana yin shi don dabbobi, aka koma wani mai suna meloxicam wanda ba ya cutar da ungulu. Kafin nan mushe ya riga ya cika bayan gari, karnukan da ba su da masu su sun samu abinci sun yawaita.

Abin da nake so ki gani shi ne, mutanen da suka fi kowa sanin ungulu sun yi shekaru suna zargin abin da ba shi ba ne. Ke kin ga jirgi, kin ga gawar balbela, zuciyarki ta haɗa su. Ni ma tawa ta haɗa su. Maganin da aka fi fesa wa jan-baki a Afirka shi ne fenthion, aikinsa kuwa toshe wani sinadari ne da ke tsayar da saƙon jijiya, sai jijiyar ta yi ta bugawa ba hutu, tsuntsu ya kama karkarwa har numfashi ya gagara. Shirwar da ta ci jan-bakin da ya sha feshi takan kwashi rabonta. Abin da kika kwatanta ya yi kama da haka ƙwarai. Amma ranar da kika tsaya gaban malamai kika ce "ya yi kama", za su tambaye ki wane magani aka fesa, nawa kika ƙirga, nawa ne suke mutuwa a wajen in ba a yi feshi ba, kin tabbata ba murar tsuntsaye ba ce. Tazarar da ke tsakanin "na gani da idona" da "ga hujja" ita ce sana'ar gaba ɗayanta, kuma yawancinta aiki ne mai gundura.

In kina son sanin iyakar gundurar, ga Derek Ratcliffe a Birtaniya. Tun shekarun 1950 yake hawa duwatsu yana tarar da fasassun ƙwai a sheƙar wani nau'in shaho. Da ya rasa bayani, sai ya bi gidajen adana kayan tarihi da gidajen masu tara ƙwai, inda ake da ɓawon ƙwan da aka ajiye tun kakanni, kowanne da shekarar da aka ɗauko shi. Ya riƙa ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya, yana auna tsawo da faɗi yana rubutawa. A 1967 ya nuna cewa daga wajen 1947, daidai lokacin da maganin ƙwari na DDT ya bazu, ɓawon ya rage kauri da kusan kashi ɗaya cikin biyar, har uwa in ta kwanta a kai sai ya fashe. Amurka ba ta hana fesa DDT a gonaki ba sai 1972. Ki ƙirga shekarun da ke tsakanin fasasshen ƙwan farko da dokar.

A namu ɗakunan gwajin kuma akwai ƙarin wahalar da Ratcliffe bai sani ba. Ina tuna wata ɗaliba, matar aure kamarki, da ta yi wata uku tana sammako bakin kogi. Ta sayi karfasa da tarwaɗa a hannun masunta, ta dawo da su a kula cike da ƙanƙara, ta feɗe a kan tebur, ta ciro hanta da ɗan nama daga gadon baya, ta ƙunshe kowanne daban, ta rubuta lamba da kwanan wata da fensir, don tawada na gogewa in ta jiƙe. Duka ta jera su a firizar sashe. Aka tafi dogon hutu, wuta ta lalace, ba wanda ya leƙa. Ranar da muka buɗe firizar, warin ya kore mu har baranda. Ta zauna a kan matattakala ta yi kuka irin wanda ake yi a gidan rasuwa, ni ce na riƙe mata jakarta. Ta sake daga farko, amma a karo na biyu ko kifi ɗaya ba ta bari ya kwana ɗanye ba, tana feɗewa take busarwa a tanderun ɗakin gwaji ta daka ta zuba a kwalba. Ta gama, yanzu tana koyarwa a wata kwalejin ilimi. Ki riƙe wannan: duk aikin da rayuwarsa ta rataya a kan firiza, a ƙasar nan, kasada ne.

Shi ya sa zan ce kada ki ɗauki feshin jan-baki a matsayin aikin digirinki na biyu, duk da shi ne ya tayar miki da hankali. Irin wannan magani ba ya daɗewa kamar ƙarfe, sai kin isa wurin da wuri, kin ɗebi jini ko ƙwaƙwalwar tsuntsu, kin daskarar nan take, sannan ki nemi na'urar da ba kowace jami'a ke da mai aiki ba. Ga shi ba ke ke sa ranar feshi ba. Shekara na iya wucewa jirgi bai zo ba, ke kuma agogon makaranta na tafiya. Ki ajiye shi a ranki, zai jira ki.

Ƙarafa masu guba, irin su dalma da kuromiyam da kadmiyam, su ba sa gudu. Suna nan a laka, a hantar kifi, a gashin tsuntsu, ko an busar an ajiye wata shida. Na'urar auna su, wadda ake kira AAS, tana nan a jami'o'i da dama a Arewa. Ga kuma tambaya a ƙofar gidanki. Kogin Challawa da kogin Kano suna haɗuwa kafin Wudil, su ne suke zama kogin Haɗeja da ke shayar da fadamarku. A gefen Challawa da Sharaɗa akwai masana'antun jima, jima ta zamani kuwa da kuromiyam ake yin ta. An yi nazari da yawa a kan ruwa da kifin da ke kusa da Kano. Me ke isowa ƙasa, wajenku, bayan doguwar tafiyar nan? Akwai shi a karfasar da ake soyawa a tasha? Akwai shi a jikin zalɓen da ke cin kifin? Wataƙila ki auna ki tarar babu wani abin tashin hankali. Wannan ma sakamako ne, kuma dole ki rubuta shi yadda ya fito ko da zuciyarki ta so ya fito daban.

Gashin tsuntsu yana da wani daɗi: ba sai kin kashe kowa ba. Ki nemi bishiyar da balbelu ko zalɓe suke kwana, ki je da sassafe da safar hannu da ambulan, ki tsinci wanda ya zubo. A ɗakin gwaji a wanke shi sosai don ƙurar waje kada ta ruɗe ki, a busar, a narkar da shi a asid, a kai na'ura. Sai dai balbela 'yar yawo ce, kuma fara da ƙwarin gona ta fi ci, saboda haka abin da ke gashinta ba lallai daga koginku ta samo shi ba. Irin wannan ne za ku zauna da malamin da zai duba aikinki ku warware. Ki je ki same shi kafin ki biya rajista, ki tambaye shi kai tsaye: na'urarku tana aiki? Nawa ake biya a kan kowane samfur, kowane ƙarfe? Domin haka ake lissafin, kuma daga aljihun ɗalibi yake fita. Ɗalibansa na baya shekara nawa suka yi kafin su gama? In ya yi ta kewaye-kewaye, ki nemi ɗaya daga cikinsu ki tambaya.

Maganar makara ba zan daɗe a kanta ba, gemu ba ya hana ilimi. Theo Colborn mai haɗa magunguna ce a Amurka, ta yi renon 'ya'yanta, har kiwon tumaki ta yi a jihar Kolorado. Ta haura hamsin ta koma makaranta tana tsintar ƙwarin rafi tana auna ƙarafan da ke jikinsu. Ta karɓi digirin dakta a 1985 tana da shekara 58. Bayan nan ne ta zauna da tulin rahotannin da wasu suka rubuta a kan tsuntsaye da kifaye da sauran dabbobin manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, ta gano abin da ya kuɓuce wa kowa: iyayen suna yawo kamar lafiya lau, 'ya'yansu ne ke fitowa da nakasa ko su kasa haihuwa, saboda wasu sinadarai suna rikita sinadaran jiki masu tsara girma da haihuwa. Taron da ta haɗa a 1991 shi ya buɗe fanni guda a kimiyya. Ke kina da shekara 24 a hannu kafin ki kai inda ta karɓi nata digirin.

Yanzu ga maigida, wanda shi ne ainihin wasiƙarki ko da kin sa shi a tsakiya. Ƙanwata, tambayarsa tambaya ce ta mai hankali, kada ki ɗauke ta a matsayin ƙiyayya. Mutum ne da za a taɓa kuɗin cefanensa da barcin 'ya'yansa, yana da haƙƙin ya ji inda aka dosa. Shirun da kika yi ne ya ƙara sanyaya masa jiki. Ga amsar gaskiya. Wuraren da ke ɗaukar mai irin wannan ilimi su ne jami'o'i da kwalejojin ilimi, da hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli, da ma'aikatun muhalli na jihohi, da ƙungiyoyi irin su gidauniyar kare muhalli da namun daji ta Najeriya, wato NCF, da ta daɗe tana aiki a dausayin Haɗeja da Nguru, da kamfanonin da ke yin nazarin tasirin manyan ayyuka a kan muhalli, wanda doka ta wajabta tun 1992. Jerin yana da tsawo a baki, amma guraben kaɗan ne, masu nema kuma da yawa. Abin da ya fi kusa shi ne ki gama ki zama malamar bayoloji mai digiri na biyu, wadda za ta iya neman koyarwa a kwalejin ilimi ko jami'a in ƙofa ta buɗe. A can ne tallafin ƙaro karatu na asusun TETFund yake, domin ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ake bai wa, malamar sakandare ba ta ciki. Ki faɗa masa haka ba ƙari. Namiji ya fi natsuwa da ƙaramar magana tabbatacciya a kan babban buri marar ƙafa.

Kada ki ajiye koyarwa. Na maimaita, kada ki ajiye. Ki nemi hutun ƙaro ilimi a ma'aikatarku tun yanzu, tunda takarda a ofis ba ta sauri. In bai samu ba, ki tambaya ko akwai tsarin karatu na ƙarshen mako. In duka biyun sun ƙi, ki nemi a ɗage miki gurbin zuwa baɗi. Albashin nan, duk ƙanƙantarsa, shi zai sayi asid da ƙanƙara, shi ne kuma zai sa ki yi magana a gida ba da murya ƙasa-ƙasa ba.

Sannan ki daina kai masa maganar a dunƙule. "Shiga fadama" da "kwana a wani gari" kalmomi ne da ke barin mutum ya zana abin da ya ga dama a ransa, ya ga matarsa a kwale-kwale cikin maza har dare. Ki zauna da takarda ki fitar da lissafi: laccoci wata nawa ne, kwana nawa a mako, wa zai riƙe auta, wa zai kai manyan makaranta, kuɗi nawa, daga ina. In kin zaɓi aikin kifi ko gashin tsuntsu a yankinku, za ki ga yawancin fitar ta asuba ce, kafin azahar kin dawo. Kwale-kwalen ma ba dole ba ne, masunta su za su kawo miki kifin bakin ruwa. Ranar da ba makawa sai an yi nisa, ga ƙaninki ko nasa. Fitar farko kuwa shi da kansa za ki roƙa ya kai ki. Ya riƙe miki kula, ya yi ciniki da masunta, zai ma fi ki iya cinikin. Na ga mazan da suka rako matansu sau ɗaya suna gunaguni, daga baya su ne ke tuna musu ranar ɗibar samfur. In bayan duk wannan ya ce a dakata, ki tambaye shi wane sashe ne bai kwanta masa ba, ku yi magana a kan wannan sashen kaɗai. Kada ki kai ƙararsa wajen danginki a kan maganar da ba ku gama yi ku biyu ba.

Akwai abu biyu da ban so in ɓoye miki. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ranar da sakamakonki ya nuna akwai wani abu a kifi, ba mai masana'anta kaɗai zai ji haushinki ba, har masuncin da ya sayar miki da kifin da matar da ke soya shi, domin abincinsu kika taɓa. Saboda haka ba a gudu da sakamakon samfur goma a kai Facebook. A maimaita awo, a nuna wa malamai, a kai wa hukuma, a kuma koma wa masuntan a yi musu bayani da bakin da za su gane kafin su ji a rediyo. Na biyun kuma lafiyarki ce. Narkar da samfur da asid ake yi, hayaƙinsa yana cin huhu, ba a yin sa sai a cikin akwatin da ke zuƙe hayaƙi. In kin samu juna biyu a tsakiyar karatu, ki faɗa wa malaminki da wuri a ba wani ya yi miki wannan sashen. Mataccen tsuntsu kuma ba a ɗaukarsa da hannu tsirara. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006, dausayinku kuma masauki ne na tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da sanyi. In kin ga sun mutu da yawa a wuri ɗaya, ofishin likitan dabbobi za ki fara sanarwa.

Ko rajista ta yiwu bana ko ba ta yiwu ba, akwai abin da za ki fara a makon nan ba da izinin jami'a ba. Sayi littafi mai kauri, mai bangon kwali. Zaɓi wuri ɗaya a bakin fadamar, ki riƙa zuwa rana ɗaya a mako, lokaci ɗaya, ki rubuta abin da kika gani: balbela nawa, shamuwa nawa, kirinjijiya nawa, ruwa ya kai ina, an yi feshi a gonakin kusa ko ba a yi ba. Kina da abin da manyan masana ke nema da kuɗi ba su samu ba, wato aji guda na 'yan mata da suka fito daga ƙauyuka daban-daban, kowacce da ido biyu da kakar da ta san tsuntsun da ake gani da can yanzu ba a ganinsa. Ki rubuta wa cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos. Suna tattara bayanan tsuntsayen Najeriya daga 'yan sa-kai, za su nuna miki yadda ake ƙirga a kan ƙa'ida. Ki kuma nemi ma'aikatan NCF a Nguru ki tambaya a kan ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a watan Janairu. Ranar da jirgi ya dawo, ke kaɗai ce a garin za ki iya cewa ga adadin da ke nan kafin feshi, ga wanda ya rage bayansa.

Yaran nan masu buhu kuwa ba za su jira digirinki ba. Kafin shinkafa ta sake nuna, ki sa maigida ya raka ki wajen malamin gona na yankinku, ku tambayi sunan maganin da ake fesawa da yadda ake sanar da ranar feshi. Daga nan ku wuce wajen mai unguwa, a roƙe shi ya sa a yi shela, liman ma ya faɗa bayan sallah, cewa tsuntsun da aka tsinta a ƙasa bayan feshi ba na ci ba ne, ba na sayarwa ba ne, a haƙa rami a binne. A cikin gida kuma, inda matan unguwa ke fige su suna soyawa, ba ki da wanda zai isar miki da wannan saƙo kamar Hajiya. Ki roƙe ta.

Ki gaishe mini da auta.